Katin da Faisal Ya Ɗaga

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zauren Zumunci na unguwarmu, Rusaifa, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, da fatan kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Ni ne Habibu, malamin lissafi, ɗan marigayi amininka, wanda shekara uku ke nan kuka damƙa wa mabuɗin ƙaramin ɗakin zaure domin in riƙa zama da samarinmu duk Juma'a bayan la'asar. Ban so in yi maka magana a bainar jama'a ba. Sau biyu na zo shagonka na turare. Zuwan farko aka ce ka tafi Jidda, na biyu ka zuba mini shayi da hannunka ka ce, "Halas, Habibu, an gama wannan magana." To amma takardar da ta rufe mana ɗaki ba a ɓoye aka rubuta ta ba. An manna ta a ƙofa, an kuma tura hotonta a guruf ɗin waya na 'yan zaure, inda kowa ya karanta cewa majalisarmu ta ƙwallo "ta zama wurin siyasa da rashin ladabi ga manya." Tunda a nan aka tuhume mu, a nan zan amsa.

Na ɗaya: abin da ake yi a ɗakin.

Wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ba su taɓa leƙowa ba, saboda haka bari in faɗa. Ka san halin da muke ciki. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa. Na fara da buɗe aji ranar Asabar, da allo da littafi. Makon farko mutum goma suka zo, na uku mutum uku, na biyar ni kaɗai ne da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ana nan, wata rana a wurin aski na tarar da su suna ta musu da Larabci kan wani ɗan wasan baya da ƙungiyarsu ta sayo. Da gangan na ce da Hausa ai wannan ko katangar gida ba zai iya tsarewa ba. Suka yo kaina da Larabci, na ce ban ji ba. Haushi ya sa ɗaya daga cikinsu ya tattaro duk Hausar da ke cikinsa ya ce, "Ustaz, kai ba ka sani komai! Shi yana gudu, yana kai, yana ƙafa biyu!" Ban taɓa jin jimla mai daɗi kamar wannan karyayyiyar jimla ba. Yaron nan shi ne Faisal.

Daga ranar na gane cewa saurayin da ba zai buɗe baki don ya ci jarrabawa ba, zai buɗe don kada a kayar da shi a musun ƙwallo. Sai muka kafa majalisa da doka uku. Hujjarka ba ta shiga sai ka faɗe ta da Hausa. Kowa minti biyu gare shi. Sannan ba a barin ƙwallo a koma zagin ƙasar wani, ko gwamnatin wani, ko gidan wani. Wanda ya karya ɗaya, alƙalin mako ya ɗaga masa katin gargaɗi. Alƙalancin yana zagayawa a tsakaninsu. Katin kuwa ni na yanke shi da almakashi daga kwalin ganyen shayi.

Ranka ya daɗe, ka lura da doka ta uku. Mun hana siyasar zagi a ɗakin nan tun kafin kwamiti ya yi tunanin hana ta.

Na biyu: abin da ya faru a Juma'ar da ake magana.

Lokacin kasuwar 'yan wasa ne ake ƙarasawa, lokacin da majalisa ta fi zafi. Musun ranar shi ne ko ƙungiyar da Anas, ɗaya daga cikin samarin, yake goyon baya ta yi wayo da ta sayo tsohon ɗan wasan gaba wanda furfura ta fara fito masa a gemu, maimakon matashin mai tsaron raga daga Afirka. Anas yana cewa suna ne ke cika filin wasa, wani yana ce masa, "Sunan zai tsare muku raga?" Faisal ne alƙalin makon.

Na'urar sanyaya babban zaure ta lalace a ranar, sai dattawa biyu daga cikin 'yan kwamiti suka shigo wurinmu shan sanyi. Ba zan ambaci sunayensu ba, kowa ya san su. Zan ce Alhaji na Maraɗi da Alhaji na Katsina. Yara suka tashi suka ba su kujeru, aka kawo musu ruwa, musu ya ci gaba. Da aka zo kan mai tsaron ragar, Alhaji na Maraɗi ya ce in dai daga ƙasarsu yaron yake, to a saye shi ido rufe, don su ba su saba da ha'inci ba kamar maƙwabtansu. Alhaji na Katsina ya ce ƙasar da ba ta iya riƙe gwamnati ba, ina za ta iya riƙe ƙwallo. Cikin ƙanƙanin lokaci an bar raga an koma sojoji da farar hula, da iyaka, da wanda ke ciyar da wani. Murya ta tashi. Suka miƙe tsaye, kowa yana nuna ɗan'uwansa da carbi.

A nan zan faɗi abin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Bayan su ni ne babba a ɗakin, kuma na yi shiru. Sa'annin mahaifina ne, bakina ya yi nauyi. Faisal ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya tashi, ya je gabansu, ya rusuna, ya riƙe katin da hannu biyu ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Nan ƙwallo ne. Gwamnati a waje."

Sannan wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, wasu suka biye masa. Dariyar nan kuskure ce, na tsawatar a take, kuma na fahimci zafinta a zuciyar dattijo. Amma Faisal bai yi dariya ba. Ya zo ya ajiye mini katin a kan tebur.

Wannan shi ne duk abin da ya faru. Wanda ya ga wani abu daban, ya faɗa a guruf ɗin nan da sunansa.

Na uku: wa ya kawo siyasa?

Takardarku ta ce majalisa ta zama wurin siyasa. Shekara uku muna zama, ba a taɓa zagin ƙasar kowa ba sai ranar da manya suka shigo. Yaran nan yawancinsu ba su taɓa ganin Maraɗi ko Katsina ba. A wurinsu duka biyun "wajen su kaka" ne. Anas bai ma san cewa shi da Faisal ƙasashen kakanninsu daban ba ne sai a ranar. Mu ne muka ɗauko iyakar nan muka tsallako da ita teku, muka zo za mu shimfiɗa ta a tsakiyar ɗakin da yara ke koyon harshen da ya haɗa mu.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa babu siyasa a ƙwallo ba. Akwai, kuma muna taɓa ta. Mun yi musu kan dalilin da ya sa alƙalan wasa suke jin nauyin manyan ƙungiyoyi. Mun yi musu kan abin da ya sa ɗan wasan Afirka ne ake fara ɗora wa laifi in an sha kashi. Waɗannan tambayoyi ne da saurayi baƙar fata da ya tashi a garin nan yake da su a ransa ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kuma na fi son ya yi su a gabana, da hujja, cikin minti biyu, da ya je ya yi su a waya da mutanen da bai sani ba. Wannan daban, zagin ƙasar mutum daban. Na farkon tarbiyya ne. Na biyun shi ne abin da Faisal ya tsayar.

Ke nan an rufe ɗaki saboda siyasa, an kuma hukunta mutum ɗaya tilo da ya tashi ya hana ta.

Na huɗu: maganar ladabi.

Washegari na ɗauki Faisal a motata muka je gidajen dattawan biyu. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Alhaji na Katsina ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, ko a kasuwa ba a taɓa ba ni kati ba," ya tambaye shi ƙungiyar da yake goyon baya, ya ce ai shi ya sa, duk 'yan ƙungiyar nan ba su da kunya, ya sa aka kawo mana dabino. Alhaji na Maraɗi bai yi dariya ba, amma ya ce ya yafe, kuma na yarda da maganarsa. To in waɗanda aka ɗaga wa kati sun yafe, fushin wa kwamiti yake riƙe da shi?

In kuwa laifi ake nema a ɗora, ga ni. Ni na yanke katin, ni na kafa dokar, ni na gaya wa yaran cewa ba ta san babba ba. Ni kaina an ɗaga mini shi sau huɗu, uku saboda Larabci ya suɓuce mini, ɗaya saboda na wuce minti biyu ina kare mai horarwar da bai cancanci kariya ba. Kuma ni ne na yi shirun da ya tilasta wa yaro yin aikin da ya kamata in yi.

Na biyar: abin da za mu rasa.

Faisal yana aikin karɓar baƙi a wani otal a unguwar Jarwal. Lokacin da ya fara zuwa majalisa, tsakaninsa da kakarsa da ke gidansu gaisuwa ce kawai, sai murmushi. A aikin Hajjin da ya wuce, wata tsohuwa daga Zamfara ta sauko daga ɗakinta na otal tana kuka, ta kasa bayyana wa kowa cewa maganin hawan jininta ya ɓace a cikin motar da ta kawo su daga Muzdalifa. Shi ya zaunar da ita, ya fahimce ta, ya kira likita. Ya zo majalisa yana ba mu labarin da Hausa daga farko har ƙarshe, ya wuce minti biyu nesa ba kusa ba, kuma alƙalin ranar ya ƙi ɗaga masa kati.

Tun da aka manna takardar nan, bai sake yi mini Hausa ba. Da Larabci yake rubuto mini saƙo. Na ƙarshen ma'anarsa ita ce, "Ustaz, sau ɗaya na yi Hausa a gaban manya, aka rufe zaure aka ce ba ni da tarbiyya. Bar ni da harshen da ba ya jawo mini magana." Mahaifiyarsa ta kira matata tana tambaya ko gaskiya ne ɗanta ya zagi dattawa. Sauran samarin kuma suna kallo, suna jiran su ga yadda za a yi da shi kafin su san ko su ma za su ƙara buɗe baki.

Sakataren kwamiti ya same ni bayan sallar azahar ya ce za a iya mayar mini da mabuɗi bisa sharaɗi biyu: a jefar da katin, Faisal kuma ya daina zuwa. Baba Alhaji, da dukan girmamawa, ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Ba zan koya wa samari cewa doka tana aiki ne har zuwa lokacin da mai furfura ya karya ta ba. Ba kuma zan sayi ɗaki da yaron da ya sa aka buɗe ɗakin ba.

Abin da nake roƙo.

A cire takardar daga ƙofa. A rubuta a guruf ɗin da aka tura ta cewa Faisal bai kawo siyasa ba kuma bai zagi kowa ba, domin mahaifiyarsa ta karanta da idonta. A mayar mana da mabuɗi kafin Juma'a, domin a mako mai zuwa za a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma babu lokacin da bakin yaran nan ke buɗewa kamar lokacin da ƙungiyar mutum take gab da fita. In makonnin nan suka wuce muna warwatse, ban san ko zan sake tara su ba.

In kwamiti ya ga ba zai iya ba, to ina sanar da kai tun yanzu don kada ka ji a bakin wani: ranar Juma'a bayan la'asar za mu zauna a saman rufin gidana. Babu na'urar sanyi, amma na ɗaura rumfa, matata kuma ta ce shayi a kanta. Zan tsaya a ƙofar gidan su Faisal da mota har sai ya fito, ko da Larabci zai yi ta yi mini ƙorafi a hanya. Katin yana aljihuna tun ranar da ya ajiye mini shi a kan tebur, kuma alƙalancinsa bai ƙare ba, don ba a bari ya rufe zaman ba. Shi zan miƙa wa.

Akwai kujera mai hannu da zan ajiye maka a inuwa, saboda gwiwarka, matakalar kuma ba ta da tsawo. Mahaifina ya sha gaya mini cewa a zamaninku babu wanda ya kai ka musun ƙwallo a Jarwal. Ka zo ka nuna wa yaran nan yadda ake yi. Minti biyu gare ka, kamar kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci a wannan ƙaramar magana da sauran manya, ya haɗa kan dattawanmu, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a wannan ƙasa mai alfarma.

Wassalam.

Ɗanka,
Habibu, malamin lissafi, Rusaifa.