Ɗanki Mai Koriyar Tuta

Istambul, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida duka. Yaya idanun? Ina fatan kina ɗiga maganin da likita ya ba ki safe da marece, ba ki tura shi ƙarƙashin matashi ba kamar wancan. Yaya garin Garu, yaya masu dashen shinkafa? Ki gaida Fa'iza, ita da za ta buɗe miki hoton takardar ga cikin salula. Na yi ajamin manya-manya yadda Baba ya koya muna, don ki karanta da kanki.

Mun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Kusan dukanmu mata ne, 'yan kasuwa daga Kotono da Paraku da Kandi, ni kaɗai daga Malanbil. Kamfanin tahiya ya shirya komi, wurin kwana da abinci da motar yawo, namu kawai mu bi. An haɗa ni ɗaki da wata Hajiya Samiha ta Kandi, mai sayar da atamfa. Tana da kirki, sai dai bakinta ba shi hutawa.

Yaya, na ga ɗanki. Muna hitowa daga filin jirgi na hange shi tsaye, riƙe da sanda mai 'yar koriyar tuta, don shi ne jagoranmu kamar yadda kika ce. Ya tara gemu. In ya juya baya, Baba ne sak, har yadda yake karkata kahwaɗa ɗaya. Ya bi mu yana gaisuwa, da ya iso gare ni ya rusuna, ya ce mini sannu Hajiya, ya karɓi akwatina. Ni takalmanshi na kalla. Kin san ban tahi Makka ba, na so in gyara don kar a ɗora mini abin da ba nawa ba, amma gyarawar ma magana ce da shi.

Ke kin san yadda muke. Ɗan fari ne gare ni, kuma sunan Baba gare shi, tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Da anka yaye shi kika goye shi zuwa Garu, ya tashi yana ce miki Inna, ni kuwa in ya shigo gidanmu sai in sami abin yi bayan ɗaki. Baba da kanshi ya sha gaya muna wannan al'ada ce, ba ta cikin littahi. Na sani. Harshen ne bai sani ba.

Saƙonki yana nan tare da ni, ban manta ba: in ce mishi ya zo gida ki gan shi tun yanar ga ba ta gama ruhe miki ido ba. Kin ce salula ta gaza, kullum amsarshi baɗi in sha Allah, sai dai a gwada bakin uwa. Ina neman lokacin da ya dace.

Garin ga kamar mafarki yake. Masallatai bisa tuddai, ga ruwa ta ko'ina, in anka kira salla sai murya ta karɓi murya har ki rasa wadda za ki amsa. Abin da ya ba ni mamaki alƙibla. Na shimfiɗa sallaya na fuskanci gabas yadda na saba, Hajiya Samiha ta nuna mini alama bisa rufin ɗaki, ashe nan kudu ake kallo. Sai na ji daɗi, na ce ko ba komi kusan wajenku nake kallo.

Abincin safe kuwa an jera shi kamar walimar aure, zuma da cuku da zaitun da burodi kala-kala, kowa ya ɗiba da kanshi. Ina ɗibar kaɗan don kar in rage a zubar.

Ki sa ni cikin addu'a.

Ƙanwarki,
Nafisatu

Istambul, ranar Juma'a

Yaya Kulu,

Assalamu alaikum, da fatan kin wuni lafiya, ke da yara da baƙin Juma'a. Fa'iza ta turo mini muryarki, na saurara har sau nawa. Kin yi dariya kin ce ni da ke tsai da direbobin manyan motoci a kasuwar albasa na kasa tsai da yaro ɗaya. Gaskiyarki. Har yanzu ban faɗi ba.

Mun ga abubuwa da yawa. Ɗanki ya kai mu wani masallaci da cikinshi duk zanen shuɗi ne, fitilu na reto ƙasa-ƙasa kamar taurari sun sauko sauraren karatu. Ya kai mu kuma wani wuri ƙarƙashin ƙasa, rijiyar mutanen da, ginshiƙai tsaye cikin ruwa, ba ki jin komi sai ɗigo. Yana bayani da Faransanci, ya juya da Hausa, wani lokaci ya jeho yaren Dandanci don a yi dariya. Matan ga suna kiran sunanshi kamar masu kiran mai tallar ƙanƙara, wannan ya ɗauke ta hoto, waccan ya taya ta riƙon jaka. Duk sa'adda sunan ya hito bakin wata sai in ji kamar an taɓa ni a baya.

Jiya wajen shan shayi, irin nasu ja cikin 'yan kofunan gilashi masu ƙugu, Hajiya Samiha ta ce in ba shi da mata tana da ɗiya a Kandi, ta ba shi, har da kan sarki bisa maganar. Ta tambaye shi ɗan wa ne. Ya ce ɗan Inna Kulu ne ta Garu. Gaskiya ya faɗi, Yaya, kuma na yi miki murna. Ba wanda ya san komi cikin ayarin ga, shi bai faɗi ba, ni ban faɗi ba.

Yau bayan masallaci munka shiga jirgin ruwa. Ruwan ya raba garin biyu, wai wancan gaci wata nahiya ce daban, na ce ai kamar mu da Gaya ta ƙetaren gulbi. Fararen tsuntsaye na bin jirgin, mutane na jefa musu burodi suna cahewa a sama. Gidaje na wucewa a hankali, hazo na sauka bisa ruwa, har na fara ganin kamar gulbinmu ne, kamar yanzu kwale-kwalen Sarkawa zai ɓullo da ke zamne a ciki kin goyo shi. Iska ta yi sanyi. Sai na ji an yafa mini bargo, ashe ɗanki ne, ya aje mini shayi, ya zamna kusa da ni, bai taɓa yin haka ba.

Na shirya maganar tun asuba, har na maimaita ta bayan salla. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina gaya wa ruwa cewa mutanen Garu suna cigiyar wani. Shi ma ruwan ya kalla. Ya ce ya san Inna ce ta aiko ni, kuma ya san zancen idonta, yana aiko da magani. Sannan ya tambaya a hankali ko Inna ce kaɗai ke cigiyar. Ya ce in mutum ya daɗe a waje yakan so ya san ko gida biyu ke jiranshi ko ɗaya.

Ya jira, Yaya. Ya jira har shayin ya huce. Ni ina kallon hannunshi bisa sandar tuta, ga tabon nan na lauje da kika ba ni labari tun yana ƙarami, wanda ban taɓa gani kusa ba sai yau. Amsar tana nan cike da bakina. Wata ta kira shi daga can gaba ya zo ya ɗauke ta hoto da gada, ya tashi ya ce in sha shayi Hajiya.

Kwanakinmu sun kusa ƙarewa. Ina tsoron in komo miki da tsaraba cike da akwati ban kawo abin da kika aike ni ba.

Ki gaida kowa.

Taki,
Nafisatu

Istambul, ranar Lahadi

Yayata Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, ina fatan jiki da sauƙi, idanu da sauƙi. Gobe in Allah ya yarda za mu taso. Ki ce wa Fa'iza ta ba ki salular ta tahi wajen aikinta, wagga taki ce ke kaɗai.

Jiya anka kai mu babbar kasuwarsu ta ruhe don sayen tsaraba. Ba ta da sama, ko'ina rufi ne mai zane, layi cikin layi, ƙofofi ba iyaka. Fitilun gilashi ja da kore da ruwan zuma rataye har sama, zinariya, darduma, ƙamshin kanumfari da wardi. Kasuwarmu ta Malanbil na san ta ko ido ruhe, amma wannan in kin juya sau ɗaya kin ɓace. Ɗanki ya gargaɗe mu kowa ya riƙa kallon tuta.

Na saya miki mayahi mai laushi, da hannu na zaɓe shi ba da ido ba, da turaren wardi. Muna tahiya wani mai alewa ya miƙo mini 'yar gutsure bisa tsinke, mai taushi da gyaɗar waje a ciki. Na ci kafin in yi tunani. Sauran mata sun ci sun wuce, wai haka ake yi, amma ni ban iya cin abin mutum in tahi ba. Na tsaya ya auna mini kaɗan. Kafin ya gama naɗewa da ɗaure zare, na waiwaya ba kowa. Salulata kuwa tana jakar Hajiya Samiha tun safe tana ɗaukar hoto da ita.

Ban firgita ba da farko. Na bi wani layi, ya kai ni wajen masu fata, na komo na tarar da masu fitilu, ko su ne na ɗazu ko wasu ban sani ba. Mutane na ratsa ni kamar ruwa, kowa da harshenshi. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Can sai na hango koriyar tuta, nesa ƙwarai, bisa kawunan mutane, tana dosar wata ƙofa mai haske. In ta hita nan, ban san inda zan same su ba.

Na ce Malam. Na ce jagora. Na ce kai mai tuta. Ko wanda ke kusa da ni bai waiwayo ba, kin san muryata ba ta kai nesa. Tutar ta kai bakin ƙofa.

Sai na kira shi, Yaya. Da sunanshi, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna ina cikin ɗaki na ruhe kai da zane. Ban san ina da murya irin wannan ba. Tutar ta tsaya. Ta daɗe tsaye bai juyo ba, sannan na ga ta sauka ƙasa, na daina ganinta, sai ga shi yana keta mutane ba tuta a sama, yana dube-dube kamar shi ne ya ɓace.

Da ya iso ya karɓi ƙullin alewar daga hannuna kamar wani kaya mai nauyi. Daga baya ya ce mini mutane da yawa na kiran sunan nan kowace rana, amma wannan muryar bai taɓa jin ta da shi ba, kuma tun kafin ya juyo ya san ta.

Ya kai matan mota ya damƙa su ga abokin aikinshi. Da ta ji ni na haihe shi, Hajiya Samiha ta kama haɓa, ta ce ashe da surukarta take kwana ɗaki guda, ta yi ta zuba ba a tsai da ita ba. Mu biyu munka gangara bakin gada, inda masu ƙugiya ke jere suna kamun kihi. Ya sayo muna gasasshen kihi cikin burodi da ɗanyar albasa. Albasar ba ta kai ta Garu ba, ba ta da yaji, na gaya mishi haka, kuma shi na gaya wa, ba ruwa ba. Na karɓi nashi na cire mishi ƙaya, yadda nakan hango ki kina yi ta tagar ɗaki. Mutum mai gemu, ya bar ni na yi.

Na ba shi saƙonki duka. Na kuma amsa tambayarshi ta cikin jirgi, na ce gida biyu ne, kuma ɗayan ya riga ɗayan fara jira. Na gaya mishi ban tahi Makka ba. Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga, ya ce ya sani, ba shi da wani abin da zai kira ni da shi ne.

Da rana ta yi ƙasa, masallatai sunka zama baƙaƙe bisa jan sama, ya roƙe ni in sake faɗin sunan sau ɗaya. Na ce a'a, sauran yana Malanbil, mai so ya zo ya ji.

Ya ce zai zo gida da Layya. Na san kin sha jin irin wannan. Amma yau da hantsi ya zo otel da sabuwar shadda ɗinkakkiya da takalma cikin leda, ya sa su cikin akwatina da hannunshi, ya ce a aje mishi a ɗakin da zai sauka, su zai sa ya tahi idi. Ko Garu ko Malanbil, ke za ki faɗi, ke ce uwa. Ni dai na ce ki ci gaba da ɗiga magani, akwai gemun da za ki gani.

Ki gaida Fa'iza da mutanen gida. Almustapha yana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Nafisatu