Abin da Mama ta Faɗa wa Likita

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Tana shafa man nan kuwa, ko ta tura shi ƙasan filo tana cewa ta ji sauƙi? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na san za ki ce me ya yi zafi har da wasiƙa bayan ga waya. Mama tana gefenki kullum, kunnenta kuwa ya fi na kowa a gidan. Kuma maganar nan bakina ba zai iya ɗaukarta ba.

Aikina na shagon wanki da guga yana rawa, Yaya. Kwanakin baya na ɗora dutsen guga a kan farar rigar wani mutum, aka yi sallama a ƙofar shago, na je na karɓi kaya, daga nan na ga hangar rataye kaya a zube na tsaya jerawa. Ƙauri ne ya dawo da ni. Kafin wannan na manna lambar wani a kayan wani, bawan Allah ya je gida ya tarar da wandon da ko idon sawunsa bai kai ba. Mai shagon ba ta yi min ihu ba, da ma ta yi. Ta ja ni bayan injinan wanki ta ce tana sona, amma saura min kuskure ɗaya.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in je a duba ni, don ɗanta ma haka yake. Layin asibitin gwamnati sai an yi watanni, aikina kuma ba zai jira ba, sai Baban yara ya ce mu je asibitin kuɗi. Na zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa, ni uwar yara biyu, ina ba da labarin yadda nake tsintar makullin gida a cikin firij. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce akwai larurar da suke kira ADHD, wahalar tattara hankali wuri ɗaya ce, ba hauka ba ce, ba kuma lalaci ba. Amma tun yarinta take farawa, don haka yana son ya ji daga bakin wanda ya raine ni. Ke kina makarantar kwana a lokacin, Baba kuma Allah ya ji ƙansa. Sai na ba shi lambar Mama.

A gabana ya kira ta, ya buɗe muryar wayar. Yaya! Mama ta gyara zama, ina jin ƙarar kujerar nan taku, ta ce a cikin 'ya'yanta babu natsattsiya kamar Auta. Wai ko allura ban taɓa ɓatarwa ba. Wai inda ka ajiye ni, nan za ka dawo ka same ni. Ni! Ni da aka aika sayen gishiri na dawo da labarin faɗan direbobi, ba gishiri ba canji. Likita ya dube ni ta saman tabarau, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zama maƙaryaciyar da ta zo neman ƙwaya. Cikin mutunci ya ce min ba zai iya yanke hukunci a haka ba.

Ban yi fushi da ita ba. Na san a ganinta baƙo ne yake bincike a kan 'yarta, ita kuma ta rufa min asiri. Don Allah ki zaunar da ita ki yi mata bayani. Ki ce wannan karon taimakon da za ta yi min shi ne ta tona ni tas, duk abin da take faɗa a tsakar gida ta faɗa masa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Mama? Ki yafe min jinkirin rubutu, kin san hali.

Ban san me kika faɗa wa Mama ba, amma kin ɓaro ta. Da likita ya sake kiranta sai da ya nemi ƙarin takarda. Jakunkunan makarantar da na zubar, tukunyar da na ƙona har ta huje, ranar da na bar ɗan maƙwabta a bakin famfo na bi masu ƙwallo, malamin da ya ɗaure ƙafata da benci, babu wanda ta tsallake. Wasu ni kaina na manta. Ina zaune ina murza bakin gyale, zufa tana bin bayana. Ni na roƙa, amma wallahi jin sa a gaban baƙo daban ne. A ƙarshe ta ce masa har da duka ta gwada, bai yi magani ba. A nan muryarta ta ɗan sauka.

To an tabbatar, larurar ce. Ya fara min magani da kaɗan, ya ce za a dinga daidaitawa a hankali, ana duba jinina da nauyina. Makon farko na zauna na manna wa kaya lamba tun daga kan kwando har ƙasansa ban tashi ba. Na shiga bayan gida na yi kuka. Ashe haka kan mutane yake, shiru? Sai dai kafin la'asar ƙarfin maganin ya gudu, sai likita ya ƙara min, daga baya ya sake ƙarawa.

Yanzu kowa murna yake. Mai shagon ta damƙa min makullin shagon. Baban yara ya ce gida ya zauna. Ba na katse kowa in yana magana, ba na surutu, ba na ɓata komai.

Amma Yaya, ke kaɗai zan faɗa wa. Tun ƙarin nan na ƙarshe abinci ya fita raina, zanena har juyawa yake a ƙuguna. Gabana yana bugawa kamar na yi laifi. Jiya ƙaramar 'yata ta kawo min zanen da ta yi a makaranta, na ce ya yi kyau, na nemi daɗin a raina na rasa. Da na koma asibiti likita ya tambaye ni yaya nake ji, wallahi na buɗe baki na ce lafiya ƙalau. Kunya ce ta hana ni. Shekara da shekaru ina ba mutane wahala, yanzu sun samu sauƙina, sai in je in ce a rage? Kuma ina tsoron in an rage in koma 'yar gidan jiya, aikin ya tafi.

Kar ki faɗa wa Mama, don Allah. Ta sha kunya a kaina ta ishe ta.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan Mama ta iso gida lafiya, ƙafar kuma ba ta kumbura da zaman mota ba.

Da na gan ta a ƙofar gidana da jakarta, ke na fara zagi a raina, ki yafe min. Ta rantse ba ki ce mata komai ba. Wai a waya ta gane. Ta ce tunda ta haife ni ban taɓa riga ta gajiya da hira ba, sai ga shi tana tambaya ina amsa mata da e da a'a.

Kwana biyu ta yi tana kallona. Ta zuba min abinci, ta ga na juya cokali na ture. Baban yara yana ta yabona, wai Mama ki ga yadda 'yarki ta natsu, ita kuwa ko murmushi. Ranar komawata asibiti na fito na tarar ta riga ta saka takalmi. Na yi magiya, ta ce ko in tafi da ita ko ta tambayi hanya.

Likita ya tambaye ni jiki, na fara lafiya ƙalau ɗina, sai Mama ta dafa gwiwata. Ta ce masa ƙarya nake. Haka, gatsau, a gabana. Ta ce ba na ci, ba na dariya, na rame, ina dafe ƙirji in na zaci ba mai kallona. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma wannan da ke zaune ba 'yarta ba ce, a dawo mata da tata ko da rabin surutun ne. Kaina yana ƙasa, Yaya, ban iya ɗagowa ba. Likita ya auna ni, ya ce bugun zuciyata ya hau. Ya yi min faɗa a hankali, ya ce ba don a faranta wa mutane ake daidaita magani ba, kuma in na ɓoye masa, da me zai yi aiki? Ya rage min maganin zuwa na tsakiya, ya canza min lokacin sha. Yanzu ina ci. A shago ina rubuta wa kaina abin da nake kai kafin in amsa sallama, har yau ban ƙona wa kowa riga ba, makullin kuma yana hannuna.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Mun miƙe za mu fita, sai Mama ta juya ta tambaye shi ko yaro mai wannan larurar yana iya dainawa in ya ga dama. Ya ce a'a, Hajiya, ba da gangan yake yi ba, kuma a lokacin mutane da yawa ba su sani ba. Ta gyaɗa kai.

Da na raka ta tasha, ta shiga mota ta zauna a bakin taga, ta kira ni da hannu. Na zaci saƙo za ta ba ni. Ta riƙe yatsuna ta ce, Auta, dukan nan da na yi miki, ki yafe min. Mama fa, Yaya. A tsakiyar mutane, idonta ya yi ja. Na tsaya ina gyara mata jaka a cinya kamar wata sakarya, har direba ya ja mota ban ce komai ba.

Na kira ta sau da yawa tun ranar, sai mu gaisa mu yi maganar ƙafa mu kashe. Na kasa. Ta tafi tana zaton na ƙi ne, ni kuma abin yana cina. Don Allah in kin gama karantawa ki je ɗakinta, ki rufe ƙofa, ki karanta mata wannan kamar yadda na rubuta: Mama, na yafe, duniya da lahira. Kunya ce ta riƙe min baki a tasha.

Ki zauna da ita bayan nan, kar ki bar ta ita kaɗai.

Ƙanwarki mai ƙaunarku,
Auta