Wutar Taroso

Zango, Sokodé

Zuwa ga ɗana Salahuddeen,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya a Dapaong.

Mutanen da ka aiko sun gama ɓarnarsu. Sun haƙa rami a bayan gida, kullum ana turo taroso, kashin tumbin shanu, daga kwatar mahauta ana zubawa, ya ruɓe, iskarsa ta biyo tiyo har madafa. Uwarka ta ƙyasta ashana, wuta ta kama, shuɗiya kamar ta aljanu, ta tuƙa tuwo a kai. Tir! Na ce ta ɗauke daga gabana.

Gidan nan ubana ya gina shi tun Zango bai kai bakin rafi ba. Matan Kparatao ke kawo mana itace a ka, ƙanshin miyarmu har masallaci. Yau Mumuni tela ya tare ni yana dariya, wai "Baba Inusa, saniya ta yi muku cefane?" Ka zo ka rufe ramin nan.

Allah ya shirye ka.
Ubanka, Inusa

Dapaong

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara girma.

Ba don raini na yi ba. Da na kai Inna lopital, likita ya ce hayaƙin itace ya cinye mata ƙirji, in ta ci gaba da shaƙa ba za ta daɗe ba. Ita ta hana ni faɗa maka.

Kuma Baba, kai mahauci ne. Kai ka koya mini cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, ko ya taɓa riga ana salla da ita. Don Allah a bar ramin.

Ɗanka mai biyayya,
Salahuddeen

Zango, Sokodé

Salahuddeen,

Na amsa gaisuwa. Da bakina za ka kama ni? Na ce ana salla da shi, ban ce a dafa miya da shi ba. Na wanke tumbi tun ban yi gemu ba, na san abin da ke ciki. Kai a takarda ka san shi.

Uwarka kuwa, da ta ga ba na ci, sai ta koma hura mini murhu a ɓoye. Shekaranjiya na same ta durƙushe a bakinsa, tari ya hana ta miƙewa. Na ce, "Fulera, kashe kanki za ki yi?" Ta ce, "To ka ci na gas mana, tsoho." Na ce Allah ya kiyaye.

Zan yi tunani.
Inusa

Zango, Sokodé

Salahuddeen, sallama.

Kada ka rufe ramin. Na kwashe duwatsun murhu na kai zaure, ni nake tuƙa nawa da itace. Duk gudaji ne, amma ina haɗiyewa. Tarin uwarka ya yi sauƙi.

Wasiyya ɗaya: ranar da na mutu, kada a ɗumama ruwan wankana a kan wutar nan.

Ubanka