Itacen Bakan Baba da Aka Yanke Biyu

Nima, ranar Lahadi

Yaya Osumanu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Nasira da yara da mutanen Bawku. Mun iso lafiya, an yi wa Baba aikin ido, yana gani tangaran.

Amma har yau bai huce ba. Da na miƙa masa waya na ce kai ne, sai ya juya wa bango fuska, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Na gaya masa direba ne ya ƙi ɗaukar dogon itace, ba don son ranka ka sa wa sandar dargazarsa zarto ba. Ya ce shi ya sare ta a gonarmu, ya shanya ta don baka, kai kuwa ko tambayarsa ba ka yi ba. Abin yana damuna, Yaya.

Jiya na raka shi Maamobi wajen Muftahu kafinta da guntayen biyu. Na tambayi Baba me zai harba a Nima, ɓerayen kwata? Ko murmushi bai yi ba. Na zauna kallo har na manta da kasuwa. Baba ya sa aka fere bakin ɗaya ya yi tsini, aka tsaga bakin ɗayan, ya yi ta gwadawa yana kankarewa har suka shige juna ba ko kafar iska. Ya shafa gam, ya naɗe da ɗanyar fata. Ka san ni da tambaya, na ce ba zai karye ba? Wai a daidai mariƙi, baka ba ya lanƙwashewa, nan kaɗai haɗi ke zama.

Yanzu yana jingine yana bushewa. Idan ya karye, ban san ranar da zai kira sunanka ba.

Ƙanwarka,
Habibatu

Nima, ranar Juma'a

Yaya Osumanu,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, yau Baba ya ɗaura wa bakan tsirkiya. 'Yan gidan haya duk sun fito kallo. Ya ja kaɗan ya kasa kunne, ya ƙara ja, sannan ya kai har kafaɗa. Bakan ko ƙas bai yi ba.

Ya daɗe yana auna ɓangarorin biyu da taƙi. Ya ce min da zarton ya kauce daga tsakiya, da sai dai a hura wuta da itacen. Ashe ka auna kafin ka yanke? Na dai ga yana share ido, ya ce maganin asibiti ne.

Ga saƙonsa yadda ya faɗa: "Baka ba kibiya aikin banza ne. Ki ce wa Osumanu ya saro min kyauro, ya kawo da kansa. Gajere ne, zai shiga mota. Ya bar zartonsa a gida."

Na gyara maka ɗaki. A gaida Nasira.

Ƙanwarka mai jiranka,
Habibatu