Inna, Ki Ajiye Taɓarya

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya kafaɗar? Yaya Baba da tarinsa? Allah Ya ƙara sauƙi.

Inna, ki ajiye taɓarya. Garin barkonon nan kwano biyar da na ce ki daka wa uwar ɗakina, mai gidan abincin da nake girki, kada ki daka ko cokali.

Kin tuna yadda na cika ki da labari, wai ta ce ba ta taɓa jin barkono irin naki ba? Har kaina ya kumbura. Ashe ba daɗinsa take so ba, ƙarfinsa take so. Shekaranjiya mai yanka mana nama bai zo ba, na buɗe firiza da kaina. Warin da ya buge ni sai da na dafa bango. Ashe firizar ta daɗe da lalacewa. Naman ya yi kore-kore, yana yauƙi, ga wani baƙin ruwa kwance a ƙasa. Da ma shi mai yankan ne ke wankewa ya soya kafin ya iso hannuna, shi ya sa kullum ake cewa in ƙara barkono.

Uwar ɗakin tawa ta same ni ina toshe hanci, ko a jikinta. Wai in wanke da ruwan zafi, in zuba barkono cokali shida maimakon biyu.

Na zuba, Inna. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Akwai wata tela mai tsohon ciki da ke cin abincin rana a wurinmu kullum. Ta suɗe kwano tas, tana sharce gumi, tana sa wa hannuna albarka. Na zagaya bayan kicin na yi ta amai.

Ki yi mini addu'a.
Autarki

*

Zuwa ga Innata,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Na ji Baba ya samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Kwana biyu telar nan ba ta zo ba, na kasa cin komai. Da na bincika, aka ce tana kwance, ciki ya ɓaci har an ƙara mata ruwa, amma ita da abin da ke cikinta suna nan lafiya.

Ranar Talata aka sake miƙo mini irin naman. Ban yi musu ba. Na haɗa miya yadda aka saba, sai dai gwangwanin barkononki yana cikin jakata, ban zuba ko ƙwaya ba. Ke kika ce mini barkono tayar da miya yake, ba rufa mata asiri ba.

Direban da ya fara kai loma ya furzar a kan tebur. Kafin ka ce kwabo kowa ya ture kwano, wasu na kakarin amai a bakin ƙofa. Uwar ɗakina ta hau borin kunya, wai ni ce ƙazama. Aka nufi firiza aka buɗe, kowa ya ga naman. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Ta kore ni, kuma ban roƙe ta ba.

Ina tafe ranar Asabar da ragowar barkononki. Kada ki ji haushi, Inna, amma in na zo ki yi mini miya ba barkono. Ina so in san abin da nake ci.

Taki har kullum,
Autarki