Baƙuwa a Masaukin Ubanta

Wenlow, Massachusetts, Afrilu 1684

Zuwa ga Yaya Thomasine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mutanen Suffolk kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koye shi.

Bayan haka, 'yata Hepzibah ta dawo gida. Mijinta ya nitse a teku wajen kamun kifi, ya bar ta da cikin wata uku. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye miki ba, tun da na ji zan ga jika nake waƙa a bayan garma.

Sai dai na yi wauta. Dokar masu masauki a nan ita ce, duk baƙon da ya kwana, ka kai sunansa ga dattawan gari ran Asabar. Shekara ashirin ban tsallake ko ɗaya ba. Na rubuta dillalin doki, na rubuta mai tallan gishiri, na rubuta Hepzibah a ƙasansu. Ashe da na yi shiru ta cika wata uku a garin nan, da ta zama 'yar gari. Ran Litinin ɗan doka ya shigo har madafa ya karanta mata takardar kora. Wai aure ya mai da ita 'yar garin mijinta, kuma ba sa so ta haihu a nan, jaririn ya zama nauyinsu.

Ki sa mu a addu'a. Ƙaninki,
Gideon Pask

Suffolk, Yuli 1684

Gideon,

Na gaishe ka, ko da yake ban tabbata ka cancanci gaisuwar ba. Tun kana ƙarami haka kake. Kai ne ka kai ƙarar kanka wurin Baba ranar da ka tsinki tuffar maƙwabci. Wane uba ne yake jera 'yarsa da dillalin doki? Ka haye teku kana cika mana baki cewa can ba a korar talaka. To, ga shi.

Ba zan ce ka turo ta nan ba, ni kaina a ɗakin surukina nake raɓe. Ka ɓoye ta a rumbu. Ka yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarka, alhakin a wuyana.

Allah ya sauke ta lafiya. Yayarka,
Thomasine

Wenlow, Nuwamba 1684

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso bayan an gama komai.

Na je na roƙi Dattijo Crane, mutumin da kullum yake ɗumama ƙafarsa a murhuna. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Gideon, da ba ka rubuta ba, da ba mu gani ba. Yanzu yana cikin littafi."

Suka ɗora ta a amalanken shanu zuwa Eastholm, garin mijin. Mutanen can suka ce marigayin ɗan ci-rani ne, ba nasu ba, suka dawo da ita. Sau uku ana haka. A na huɗun naƙuda ta kama ta a bakin kogin da ya raba garuruwan, ta haihu a bukkar mai fito.

Mace ce, Yaya. Tabitha. Jan gashin Innarmu ta ɗauko, kuma in ta kama yatsa ba ta saki. Na kwaso su da rana tsaka, na bi ta gaban coci kowa yana gani. Washegari aka sauke allon masaukina, aka karɓe izinina. Hatsin bana kuma cutar tsatsa ta cinye shi. Da gona kaɗai ban san yadda mu uku za mu fita daga sanyin nan ba.

Ki huta lafiya. Naki,
Gideon

Wenlow, Mayu 1685

Yaya, ina gaisuwa.

Hepzibah ta tafi aikatau tashar jiragen ruwa, can kuwa ba a karɓar mai goyo, dole ta bar jaririyar. Dattawa sun ba gidan wani mai jimar fata riƙon Tabitha har ta shekara goma sha takwas. Ran kasuwa matar gidan takan bar ni in ɗauke ta, da sharaɗin in ta fara magana kada in gaya mata ko ni wane ne.

Na yarda.

Gideon