Zanen da ruwan Tiga bai ci ba

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a gindin mangwaro na yi shi.

Ni tela ne a Ƙafin Maiyaki, na tsufa amma tsokana ba ta tsufa ba. Bara 'yata da ke karatu a Kano ta koya min ɗinka 'yan fitilu a jikin tufa, ƙanana kamar ƙwayar dawa, da wani zare mai ɗaukar wuta, da batir da makunni. Na fara da hulata, na shiga majalisa tana ƙyaf-ƙyaf, tun ranar ake ce min Sigina.

To matata, shekara arba'in muna tare, tana da wani zanen saƙi baƙi na mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Da shi tsohuwar ta goyo ta suka baro garinsu lokacin da ruwan Tiga ya cinye shi. Da aka sa ranar sunan jikarmu ta ce shi za ta yafa. Sai shaiɗan ya raɗa min in yi mata bazata. Na ɗauke shi a ɓoye na jera fitilu a cikin lafin, na soke batirin wata tsohuwar waya a gefe, don na agogo ba ya daɗewa. Nufina ranar suna in matsa makunni a gaban ƙawayenta, ta zage ni, a yi dariya.

Ashe ita kuma ta aika da shi wurin ƙanenta mai bugu don ya yi sheƙi. Yana sauke tabarya a kan batirin sai hayaƙi, sai wuta. Kafin ya kashe ta cinye kusan kamu biyu.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ninke shi ta ce, "Malam, abin da ruwa bai ci ba, wuta ta ci." Ta yanke cewa ƙanen ne ya yar da shi kusa da kaskon wuta, ya rantse ba ta yarda ba. Wata uku ke nan ba ta amsa gaisuwarsa, ko a wurin sunan ta hana matarsa zama. Ni kuwa babban banza har da taya ta jajantawa.

Shekaranjiya ya zo shagona, mutumin da kullum muke wasan ƙanen mata, bai ko zauna ba. Ya ajiye min ƙonannen zaren da 'yan fitilu uku a kan keken ɗinki. Ya ce, "Yaya, ni ba zan faɗa mata ba. Gara ta yi fushi da ni da ta yi da kai, ni ba ɗaki ɗaya muke kwana ba." Ya juya.

In na faɗa, ba zanen kaɗai ba ne, wata ukun da na yi shiru ne ba za ta yafe ba. In na ci gaba da shiru, ita da ƙanen nan su biyu kaɗai suka rage a ɗakin mahaifiyarsu, ni na raba su. Jiya ma ta sa min albarka wai ni kaɗai na damu da ɓacin ranta.

Jama'a in faɗa mata? Kuma ta ina zan fara, ta fitilun ko ta shirun?